Ajiye Wayar, Ki Dubi Majinyacin

'Yata, labarin ƙwazonki yana iso ni, masu jinya kuma ba su da bakin yabon haƙurinki. Shi ya sa na ga bai dace in yi shiru ba a kan abin da na lura da shi: kwanan nan idonki ya fi zama a kan waya fiye da kan wanda ke zaune gabanki. Ki saurare ni da kunnen basira, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ba ƙyamar na'ura nake yi ba. A 2020, da annobar korona ta hana zirga-zirga, kiran bidiyo ne ya riƙe jinyar mutane da yawa a duniya. Mu nan ma, masu koya wa majinyaci komawa ayyukansa na yau da kullum 'yan ƙalilan ne, yawancinsu a manyan asibitocin birane. Dattijon da ya samu shanyewar ɓarin jiki a ƙauye ba zai iya kuɗin mota kowane mako ba. Idan ɗansa ya ɗauki bidiyonsa yana ƙoƙarin sa riga, ya turo ta WhatsApp, kika gyara musu da saƙon murya, an yi aikin lada. Ƙararrawar waya tana tuna wa mai mantuwa lokacin shan magani, manhaja mai hotuna tana ba yaron da ba ya iya furuci damar cewa ƙishirwa yake ji. Duk wannan ki riƙe.

Sai dai ki tuna abin da ya kawo mutum wurinmu. Bai zo don ya ci maki a wasan waya ba. Ya zo ne don ya ɗaga buta ya yi alwala, ya yanki loma ya kai baki, in mace ce ta ɗaura zaninta ba tare da ta kira 'yarta ba, in maɗinki ne ya koma kan keken ɗinkinsa. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni, abin da aka maimaita mata shi take koya. Yatsan da ya yi wata guda yana dangwalar gilashi ya ƙware a dangwalar gilashi. Gilashi ba shi da nauyi, ba shi da zafi, ba ya santsin miyar kuɓewa. In wasan zai sa majinyaci ya motsa hannu da dare bayan an tashi, to, madalla. Amma awar da yake gabanki, ki ba shi buta da ruwa a ciki, da maɓallin riga, da carbi, da tsabar wake a kwano.

Akwai kuma abin da ba ya cikin kowace manhaja. Wanda hannunsa na dama ya mutu yakan ƙi cin abinci a gaban mutane, don kunyar ci da hagu. Wani ya daina zuwa masallaci saboda ba ya iya sujada. Ba zai faɗa miki ba sai kin zauna kin saurare shi, wani lokaci ma sai kin haɗa shi da malamin da zai kwantar masa da hankali a kan rangwamen da addini ya yi wa mara lafiya.

Ki yi hattara da ma'aunan da kike saukewa daga intanet. Ma'aunin Barthel, wanda aka fitar a Amurka a 1965, yana duba abubuwa 10, daga cin abinci da wanka har hawan matakala, makinsa ya kai 100. Ma'auni ne mai amfani, amma bai tambayi ko mutum zai iya tsugunno a masai ba, ko tashi daga tabarma, ko jan guga. Gwajin ƙwaƙwalwa na MoCA, da ya fito daga Montreal ta Kanada, yana sa mutum ya haɗa lambobi da haruffan boko, ya zana agogo. Ki ba ɗan kasuwar da ya sauke Alƙur'ani, wanda ke lissafin dubbai da ka amma bai shiga aji ba, sai ya faɗi, ke kuma ki rubuta cewa hankalinsa ya taɓu. Masu gwajin da kansu sun san haka: suna ƙara maki 1 ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba, sun kuma fitar da wani nau'i don masu ƙarancin karatu. Lamba ta fito a waya ba ta zama hukunci ba.

Haka bidiyon YouTube da kike tura wa iyalai. Kafaɗar da ta shanye sakakkiya ce, jan ta sama da igiya da kura yana iya jawo ciwon da zai daɗe, shi ya sa masana suka hana. Mai bidiyon bai taɓa kafaɗar majinyacinki ba. ChatGPT ma bai taɓa ba, ga shi yakan kawo kuskure cikin lafazi mai daɗi. Kada ki tura abin da ba ki kalla har ƙarshe ba, ba ki kuma gwada a jikin mutumin ba. Ga ƙananan yara kuwa, tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini. Yaron da hannunsa ke da rauni ya fi buƙatar wasan ƙasa da 'yan'uwansa.

Maganar da ta fi yi mini nauyi ita ce ta amana. Na ga ana ɗora hoton majinyaci a Facebook da TikTok, wai a nuna nasarar aiki. 'Yata, matar da ta yarda kika ga yadda take fama da zaninta, don neman lafiya ta yarda, ba don duniya ta kalla ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa, hukumar MRTB da ta ba ki lasisi kuma tana da ikon ladabtarwa. Ko babu doka, akwai Allah. Kada ki rubuta sunan majinyaci a manhajar da ba ki san inda take adana shi ba. Kafin ki tura saƙo a kan rashin riƙe fitsari, ki tambayi wa ke riƙe wayar, don a gidaje da yawa waya ɗaya ce, yara da kishiya duk suna buɗe ta.

Ki kuma duba aljihun mutane. Wanda ke neman kuɗin magani, ga caji sai an kai shago, kada ki ɗora masa sayen data. Gajeren saƙon murya da Hausa ya fi masa doguwar manhajar Turanci.

Don haka, kafin ki buɗe kowace manhaja, ki tambayi majinyaci abin da ya fi so ya koma yi da hannunsa. Ki leƙa gidansa in da hali, ki ga ƙofarsa da makewayinsa. Abin da zai kai shi ga wannan buri ki ɗauka, wanda ba zai kai shi ba ki bar shi komai kyansa. Allah ya sa albarka a hannunki, ya ba majinyatanmu lafiya.