Kwanakin Da Suka Rage Maka Tare Da Mutanen Gidanku

Ya kai mai-karatu, ko ka riga ka karɓi baftisma, ko kuwa kana cikin bincike tukuna, ga wata tambaya da ta kamata ka auna a zuciyarka. Tun da ran mutum gajere ne, duniya kuma mai-wucewa ce, ko ya dace mai-bin Yesu ya ba da kwanakinsa ga zama da iyaye da 'yan'uwa, ko kuwa wannan ɓata lokaci ne?

Manomi na ƙasar Rano da Kibiya ba ya bukatar malami ya koya masa saurin kwanaki. Ruwan shuka ya sauka, kafin wata 3 gero ya nuna. A yanke dawa, hunturu ya busa, sai ga bazara. A shekara ta 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga. Yaran da suka tsaya suna kallon aikin, yau furfura ta rufe kansu, jikoki suna wasa a gabansu. Haka Yakubu ya gani: sa'anda ya tsaya gaban Fir'auna yana da shekara 130, duk da haka ya lissafta su kaɗan ne.

Yanzu fa ka yi lissafi. Saurayi ya bar Nariya ya tafi cin rani Kano, rani ya zama shekara, ba ya zuwa gida sai sau 2 a shekara. Idan saura shekara 10 ga tsohonsa, sau 20 ke nan za su ga juna, ba ƙari. Kullum yana cewa, sai na samu abin hannu, ba zan je hannu wofi ba. Amma tsohuwarsa ba atamfa take jira ba. Waya tana da amfaninta, ba mu raina ta ba. Sai dai ba ta cin tuwo a akushi ɗaya da mutum, ba ta kuwa ganin ƙafar da ta kumbura wadda tsoho ya ɓoye domin kada ya tada maka hankali.

Akwai wani kuskure da ya fi wannan nauyi, gama yana zuwa da kamannin ibada. Mutum ya tuba, mutanen gidansu kuwa suna kan tafarkin kakanni, ko kuwa suna cikin Musulunci. Wataƙila an yi masa baƙar magana ran da ya faɗi bangaskiyarsa. Sai ya ce a ransa, yanzu ikilisiya ce dangina, ba ruwana da su. Ya daina zuwa gaisuwa, ya ƙi suna, ya ƙi ta'aziyya, yana tsammani tsarki ke nan. Ɗan'uwana, wa ya koya maka haka? Gaskiya ce, ba za ka sa hannu a yankan tsafi ba, ba kuwa za ka zauna a gindin tulun giya ba. Amma ɗaukar fartanya ranar gayyar ubanka ba tsafi ba ne. Gyaran jinkar ɗakin uwarka kafin damina ba bautar gunki ba ce. Idan kuwa an kore ka da gaske, ka yi haƙuri, kada ka rufe ƙofa ta wajenka. Ka riƙa aika gaisuwa, gama fushin iyaye yakan huce.

Dubi Ubangijinmu. Luka ya shaida mana yana da wajen shekara 30 sa'anda ya soma aikinsa a fili. Yawancin shekarun nan a Nazarat ya yi su, cikin gida, yana biyayya ga Maryamu da Yusufu. Aikin da ya yi a gaban jama'a kuwa bai wuce wajen shekara 3 ba. Wanda ya zo ceton duniya bai ga zaman gida hasara ba ne. Ya tafi biki a Kana, ya ci abinci a gidan Marta da Maryamu a Baitanya, ya yi kuka a kabarin ɗan'uwansu. A kan gicciye ma, cikin azaba, ya danƙa uwarsa a hannun almajirin da yake ƙauna. Daren da aka bashe shi, abin da ya bar wa nasa domin tunawa da shi, gurasa ce da ƙoƙo, a wurin cin abinci tare. Har yau da Jibin Ubangiji muke tunawa da shi.

Wani zai ce, ai abin tunawa ma yana shuɗewa, masu-tunawa kuma za su mutu. I, haka ne, in da kabari ne ƙarshe. Amma mu muna sa zuciya ga tashin matattu, mun kuma sani alherin da aka yi cikin sunan Kristi ba ya ɓacewa a gaban Allah. Ban da wannan, tsohon da ba ya karatu ba shi da wani littafi inda zai ga halin Yesu sai kai. Abin da zai tuna, shi ne ko ɗansa ya ƙara ladabi bayan ya tuba, ko kuwa ya ƙara girman kai. Yusufu ya rabu da ubansa shekara 22, Allah kuwa ya ba su shekara 17 tare a Masar. Ba kowa aka yi wa alkawarin irin wannan ba.

Saboda haka, idan an yi kaka bana, ka ɗauki yaranka ku tafi gida, ku kwana biyu. Da dare, bayan tuwo, ka ajiye waya ka zauna kusa da tsoho. Ka tambaye shi sunan kakansa, da inda kufan gidanku na fari yake, da yadda suka ci shekarun fari na 1973 da 1984, da wanda ya dasa tsamiyar ƙofar gida. Ka bar yaran su ji da kunnensu. In ya yarda ka yi masa addu'a, ka yi. In bai yarda ba, ka yi a zuciyarka. Sa'an nan ka rubuta sunayen nan a farar takardar da ke farkon Littafinka Mai-Tsarki, tare da ranar da aka faɗa maka su.