Mas'alar Daular Da Teku Ya Cinye Ƙasarta

A tsakiyar tekun Pasifik akwai ƙasar Tuvalu, tsibirai 9 ne ƙanana masu mutane kimanin 11,000, kuma babu tudu a cikinta da ya kai mita 5 bisa fuskar ruwa. Saboda haka tun da zafin duniya ya ƙaru, teku ya kama kumbura, sai ya zamana ruwan gishiri yana ɓulɓulowa ta ƙarƙashin ƙasa, yana kashe ramukan da suke noman pulaka, abincinsu mai kama da gwaza. Daga nan mas'ala ta taso wadda magabatan masana dokar ƙasa da ƙasa ba su yi mata babi ba: idan ruwa ya rufe ƙasar ruf, shin daular ta mutu ko tana nan?

Yarjejeniyar Montebideyo ta 1933 ta lissafa rukunan daula huɗu, watau jama'a mazauna, da yanki sananne, da hukuma, da ikon hulɗa da sauran dauloli, kuma wanda ya tsaya bisa zahirin nassi zai ce in rukuni ya faɗi abin ya ɓaci. Amma fa fuƙaha'unmu sun daɗe da bambanta sharaɗin ƙulluwar abu da sharaɗin ɗorewarsa, har suka yi rangwame wajen ɗorewa a kan abin da ba su yarda da shi ba wajen farawa. Malaman Hanafiyya ma sun yi saɓani game da masallacin da ya rushe, jama'arsa suka watse: Muhammadu Shaibani ya ga filin yana komawa ga mai shi, Abu Yusufa kuwa ya ce masallaci ne har abada. A wannan mas'ala ina tare da Abu Yusufa, kuma tarihi yana goyon bayana, domin Fadar Paparoma ta zauna daga 1870 zuwa 1929 ba ta da taƙi ɗaya na ƙasa, alhali tana aika jakadu tana karɓar na wasu. Haka kuma da Iraƙi ta haɗiye Kuwaiti a 1990, babu mai adalcin da ya ce Kuwaiti ta gushe.

Dalilin hukuncin a fili yake: ƙwace ba ya gusar da mallaka. To, idan daular da azzalumi ya ci da yaƙi tana nan daram a idon shari'a, ta yaya za a shafe wadda hayaƙin masana'antun wasu ya nutsar, alhali kuwa rabonta a cikin wannan hayaƙi bai taka kara ya karya ba? Wannan zai zama an haɗa mata hasara biyu, a raba ta da ƙasarta, sa'an nan a raba ta da kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya da ruwanta na mil 200 da dokar teku ta 1982 ta ba ta, wanda kuɗin izinin kamun kifi a cikinsa yake cikin manyan ginshiƙan baitulmalinta. Shi ya sa a 2023 Tuvalu ta rubuta cikin tsarin mulkinta cewa daularta dawwamammiya ce ko da ƙasar ta salwanta, kuma a Yulin 2025 Kotun Duniya da ke Hague ta ba da fatawa cewa gushewar rukuni ɗaya ba lallai ya gusar da daular da ta riga ta kafu ba.

Sai dai abin da ya fi damuna shi ne mutanen kansu. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta san wanda ya guje wa tsanantawar mutane, ba ta san wanda ya guje wa ambaliya ba, har New Zealand ta mayar da Ioane Teitiota, mutumin Kiribati, gida a 2015 bisa wannan hujja. Ostireliya ta yi abin yabo da yarjejeniyar Falepili ta 2023, wadda ta buɗe ƙofa ga mutanen Tuvalu 280 kowace shekara, kuma da aka fara rajista a 2025 fiye da sulusin al'ummar suka shiga ƙuri'ar zaɓen waɗanda za su tafi. Amma ƙuri'a ɗaiɗaiku take ɗauka, ta zuba wannan a wani birni, wancan a wani, alhali al'umma ba ta rayuwa sai da harshen da yara suke ji a tsakar gida, da dattawan da ake kai wa ƙara, da maƙabartar da ake ziyarta. In har da gaske ake, wajibi ne masu masauki su ba su wurin da za su zauna tare, da makarantun da za a karantar da harshensu, da damar zaɓen shugabanninsu daga can, kuma ƙasashen da suka fi fitar da hayaƙin su biya kuɗin a matsayin diyyar da ke wuyansu.