Tsautsayin Da Aka Rubuta A Takarda

Akwai kalmar da muke kashe magana da ita idan wani ya ji ciwo ko ya rasa ransa a bakin aiki: tsautsayi. Magini ya faɗo daga bene, tsautsayi ne. Wuta ta ja mai gyaran waya, tsautsayi ne, kuma ba ya wuce ranarsa. Mu ma'aikatan rediyo mun fi kowa yawan furta ta, domin tana da sauƙin faɗa kuma ba ta ɓata wa kowa rai. Tana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, wannan gaskiya ne. Amma tana kuma wanke hannun wanda ya kamata a tsare da tambaya. Zan ɗauko misali daga inda ba a zaton jahilci, wato jami'a, kuma daga Amurka, inda ba za a ce talauci ne ya hana sayen kayan kariya ba.

A watan Agusta na 1996, Farfesa Karen Wetterhahn ta jami'ar Dartmouth tana aiki da wani nau'in zaiba mai tsananin guba da ake kira dimethylmercury. Matar nan gwana ce a kan gubar ƙarafa, abin da ta yi shekaru tana bincike a kai ke nan. Ta sa safar hannu ta roba, ta yi aikinta cikin akwatin da ke zuƙe tururin guba, ta bi ƙa'idar da aka sani a lokacin. Ɗigo ɗaya ko biyu suka zuba a kan safar. Ta gama aikinta, ta share wurin, ta tafi gida lafiya lau. Sai bayan wata biyar ta fara tangaɗi in tana tafiya, harshenta ya yi nauyi, gani da ji suka soma raguwa. Ta rasu a watan Yuni na 1997 tana da shekara 48. Da abokan aikinta suka sa aka gwada irin safar, sai aka tarar gubar tana ratsa ta cikin daƙiƙa kamar 15. Suka buga abin da suka gano domin duniya ta ji, aka sauya shawarar irin safar da ake sawa.

Shekara 12 bayan zubar wannan ɗigo, ranar 29 ga Disamba 2008, wata matashiya mai shekara 23, Sheri Sangji, tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Tana ɗibar wani sinadari da ke kamawa da wuta da zarar iska ta taɓa shi. Abin turawa na sirinjin ya zare, ruwan ya watsu a jikinta. Ba ta sanye da rigar kariya ta ɗakin gwaji, rigar sanyi ce a jikinta irin ta zaren roba, wadda ke narkewa a kan fata. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na jikinta ya ƙone. Ta yi kwana 18 tana jinya, ta cika ranar 16 ga Janairu 2009.

Inda gizo ke saƙa shi ne, wata biyu kafin gobarar, masu duba lafiyar wuraren aiki na jami'ar kanta sun shiga ɗakunan gwajin wannan sashe. Sun ga kurakurai, har da rashin sa kayan kariya, sun rubuta, sun ba da wa'adin gyara zuwa farkon Disamba. Wa'adi ya wuce ba a kammala gyaran ba.

To, jama'a, in aka kawo mana labaran nan biyu a gidan rediyo, kalma ɗaya za mu yi amfani da ita. Amma ba abu ɗaya ba ne. Na farko ya faru ne a iyakar sanin da mutane suke da shi. Na biyu an gan shi yana tahowa, an ma rubuta shi a takarda da kwanan wata. Idan muka kira su da suna ɗaya, mun yi wa na biyun sutura da rigar na farko.

Na san abin da wani zai ce: ai ko an gyara, in kwananta ya ƙare ya ƙare. Ban musa ba, kuma ba na cikin masu ganin imani da ƙaddara shi ne ya hana mu ci gaba. Sai dai malamanmu sun sha ba mu labarin Sayyidina Umar, lokacin da ya nufi ƙasar Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara, ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya nuna masa kamar gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Wanda ya yi wannan ba ƙaramin mai imani ba ne. Ƙaddara magana ce da ta dace a bakin mai haƙuri da rashi. Idan ta fito daga bakin wanda aka ba wa'adin gyara bai gyara ba, ta zama mafaka.

Amma akwai wata tambaya da ta fi wannan wuya, kuma ita ce ta hana ni saurin jifan shugaban ɗakin gwajin, Farfesa Patrick Harran. An gurfanar da shi da hukumar gudanarwar jami'ar a ƙarshen 2011, abin da ba a saba gani ba a jami'o'in Amurka. Shi ya tsaya a kan cewa haɗari ne mai ban tausayi, ba laifi ba. A 2014 aka daidaita: zai yi aikin taimakon al'umma na awa 800, ya biya dala 10,000, daga baya aka janye tuhumar. Dangin yarinyar ba su gamsu ba, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai mu tambayi kanmu, ɗakunan gwaji nawa ne a wannan rana ake aiki cikinsu ba riga, ba cikakken horo, amma sirinji bai zare ba? Shugabanninsu sun kwana lafiya, wasu ma an ƙara musu girma. Masana falsafa biyu, Bernard Williams da Thomas Nagel, sun yi rubutu a 1976 a kan yadda sa'a take kutsawa cikin hukuncin da muke yi wa mutane. Mu ma mun san abin a kan titi. Ƴan kabu-kabu biyu sun sheƙo gudu iri ɗaya cikin unguwa, yaro ya gitta gaban ɗaya, bai gitta gaban ɗayan ba. Na farko ya kwana a hannun hukuma, na biyu ya kwana yana ƙirga ciniki. Gangancinsu ɗaya, abin da ya raba su ba a hannunsu yake ba.

A ganina wannan shi ne dalilin da ya sa ake buƙatar mai sa ido tun farko. Kotu tana zuwa ne bayan an yi gawa, kuma wanda sa'a ta juya wa baya kaɗai take kamawa. Mai duba wuraren aiki shi ne kaɗai aka ɗora wa kama ganganci a ranar da babu abin da ya faru, ranar da kowa ke ganin takura ce. Aikinsa ba ya da farin jini, kuma in ya yi shi da kyau ba wanda zai gode masa, domin gobarar da ba ta tashi ba ba ta shiga labarai.

A jami'a kuwa aikin ya fi wuya fiye da masana'anta. A masana'anta kowa ya san maigida kuɗi yake nema, don haka ana sa masa ido ba kunya. Jami'a gidan masu ilimi ce. Wanda aka turo dubawa sau da yawa digirinsa bai kai na wanda zai duba ba, albashinsa daga aljihu ɗaya yake fitowa da na farfesan, kuma farfesan ne ke jawo wa makarantar kuɗin bincike da suna. Yaya ƙaramin ma'aikaci zai dubi irin wannan mutum ya ce, "Malam, yau ba za a buɗe ɗakin nan ba"? Sai ya yi abin da ya fi sauƙi, ya rubuta rahoto ya miƙa, ya ce ya sauke nauyi. Ni ban yarda ya sauke duka ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma kaso mafi girma yana wuyan waɗanda suka ba shi alƙalami suka hana shi kwaɗo. Hukumar da ta naɗa mai dubawa ba ta ba shi ikon rufe ƙofa ba, shaida ta nema wa kanta, ba kariya ga ma'aikata ba.

Akwai kuma batun wane ne ma'aikaci. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Kalifoniya ta iya cin jami'ar tara ne saboda Sheri Sangji ma'aikaciya ce mai karɓar albashi. A watan Afrilu na 2011 wata ɗaliba a jami'ar Yale ta rasu bayan injin sassaƙa ƙarfe ya naɗe gashinta cikin dare. Hukumar tarayya ta bincika, ta ce injin ba shi da kariyar da ta kamata, amma ba ta ci tara ba, domin ɗaliba ce, doka ba ta ɗauke ta ma'aikaciya ba. Injin dai bai tambayi takardarta ba.

Wannan gaɓar ita ta fi kusa da mu. Jami'o'inmu ba farfesoshi da ɗalibai kaɗai ke cikinsu ba. Akwai matar da ke wanke kwalaben ɗakin gwaji, wadda ba ta iya karanta Faransancin da ke jikin kwalbar ba, in ma akwai rubutun. Akwai masu girki da ke tsaye kan manyan tukwane da tulunan gas a tsakiyar zafin Afrilu. Akwai mai yashe masai, da mai ƙona shara wanda bai san abin da aka zuba cikinta ba, da lebura da ɗan kwangila ya ɗauko da safe zai sallama da yamma. Yawancinsu sunansu ba ya cikin kowane kundi. Tun 1981 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya take da yarjejeniya mai lamba 155 a kan lafiyar ma'aikata, a 2022 kuma ta sanya wurin aiki marar haɗari cikin haƙƙoƙin asali na kowane ma'aikaci. Duk ranar 28 ga Afrilu muna gayyato baƙi a rediyo su yi bayani a kai. Mai wanke kwalba tana bakin famfo a lokacin.

Za a ce babu kuɗi, kuma lalle babu. Jami'ar da ke fama da albashi da kuɗin tallafin ɗalibai ba za ta sayi akwatin zuƙe tururi a kowane ɗaki ba, kuma in aka ce sai an cika ƙa'idar Turai kafin a yi gwaji, to an rufe koyar da kimiyya ke nan. Wannan hujja ce mai nauyi, na karɓe ta a kan manyan injuna. Ban karɓe ta a kan liƙa wa kwalba takarda ba, ko gaya wa mai shara da Hausa ko Zabarmanci cewa wannan ruwan yana cin fata, ko cire kwaɗon da aka datse ƙofar gudun gobara da shi saboda tsoron ɓarayi. Mutum ne ya yanke shawarar cewa kujeru da kwamfutoci sun fi cancantar tsaro fiye da waɗanda ke cikin ɗakin, kuma mutumin yana da suna da ofis.

Abu na ƙarshe da nake jin tsoro shi ne tsananin hukunci ya koya wa mutane ɓoyo. In duk wanda ya ce "jiya saura ƙiris wuta ta tashi a hannuna" zai rasa aikinsa, to ba wanda zai sake faɗa, mai dubawa kuma ya zama makaho. Ya kamata a raba wanda ya yi kuskure ya kawo kansa da wanda aka gargaɗa ya sa takardar cikin durowa. Bayan mutuwar Sheri Sangji, hukumar jami'ar Kalifoniya ta amince a 2012 da sabon tsarin horo da sa kayan kariya a ɗakunan gwajinta, ta kuma ware dala 500,000 na tallafin karatu da sunanta. Rigar da ke jure wuta, wadda a yanzu ake ba masu aiki da irin wancan sinadari, tana kasuwa tun kafin Disamba 2008.