Sabon Zango da Sabon Gari: Kowa Baƙo Ne a Wani Wuri

Idan mutum ya ce maka daga Zango yake, kada ka yi saurin cewa ka san garinsu. Akwai Zangon Daura a Jihar Katsina, akwai Zangon Kataf a Kaduna, akwai Zango a Kumasi da Lome da Kwatano. A Akra kaɗai, Sabon Zango da Nima da Mamobi da Fadama duk zanguna ake kiransu.

Fatauci ne ya shuka wannan suna. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina, jakuna ɗauke da kanwa da fatu da turkuɗi, a nufi Gwanja neman goro, tafiyar watanni. Duk inda madugu ya ce a sauke kaya, bayan gari kusa da ruwa, nan ne zango. Gari na wayewa wasu su ɗaura su wuce, wasu su yi zamansu: mai masauki, mahauci, malamin allo. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar goro ta Salaga da ke Gwanja a 1892, mutanenta suka bazu zuwa Kete Karachi da Kumasi, har bakin teku.

A farkon ƙarni na 20 Malam Baƙo ya samu fili daga sarakunan Ga, ya kafa Sabon Zango a Akra. Nima kuwa a shekarun 1930 ta kafu, a hannun Malam Amadu Futa, Bafulatani mai shanu. Shiga kasuwar Nima ran Laraba ka gani. Buhunan gero da wake da albasa jibge a bakin titi, Bazabarme na ciniki da Bamoshiya, Bakotokole na yi wa Badagombe lissafi, duk da Hausa. Gefe guda mai koko da ƙosai na zuba wa duk wanda ya miƙo kwano, ba ta tambayar asalin kowa.

To, ga abin lura. A Kano, wajen 1913, Turawan mulki suka keɓe Sabon Gari domin baƙi, akasari mutanen kudu, Bahaushe kuwa shi ne ɗan gari. A Ibadan, unguwar Sabo ta Hausawa ce, Bayarabe ne mai gida. A Akra ma Bahaushe ne ya zo neman wurin shimfiɗa tabarma, mutanen Ga suka ba shi. Sunayen sun yi kama, amma mai masauki a nan shi ne mai neman masauki a can.

Tarihi ya nuna mana abin da mantuwa da wannan ke jawowa. A 1969 gwamnatin Busiya ta kori baƙi marasa takardu daga Gana, zanguna suka cika da kukan rabuwa, har da waɗanda a can aka yanke musu cibiya. A 1983 Najeriya ta yi irin haka a zamanin Shagari, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka kama hanya da kaya a ka. Wanda ya yi kora jiya, yau 'ya'yansa aka koro.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji Bakano na yi wa ɗan Sabon Gari gorin gari, ko na ji ana kiran jikan jikan mazaunin Nima baƙo. Wanda kakanninsa suka ci arzikin zango bai kamata ya rufe wa wani ƙofa ba. Magabata sun ce baƙonka annabinka, kuma da wannan suka yi shekaru aru-aru suna ratsa ƙasashen mutane lafiya.

Saboda haka, kafin ka ɗaga wa maƙwabcinka murya don ba a garinku aka haifi ubansa ba, tuna kana da ɗan'uwa a Mamobi ko Sabo da ke zaune bisa mutuncin masu gari. Riƙon da kake so a yi masa, fara yin sa a unguwarku.