SULKEN MOTA DA SULKEN ADALCI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Mamallakin mulki, wanda Yake raya wanda Ya so, Ya kashe wanda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, nasiharmu ta wannan fitowa a kan motar nan mai sulke ce da shugabannin ƙasashe suke shiga. Jikinta an lulluɓe shi da ƙarfe mai kauri. Gilashinta hawa-hawa ne, an manne shi da wata roba mai tauri don ya tsare harsashi. Tayoyinta ko an fasa su za ta ci gaba da tafiya, kuma galibi ba a sauke tagoginta. Mutane suna tambaya: shin wannan ba raunin tawakkali ba ne?

Amsa ita ce, riƙon sababi ba ya warware tawakkali. Allah (S.W.T) da Kansa Ya sanar da Annabi Dawuda (A.S) sana'ar ƙera sulke, kamar yadda ya zo cikin Suratul Anbiya'i da Suratu Saba'i. Manzon Allah (S.A.W), wanda ya fi kowa dogaro ga Ubangijinsa, ya sanya sulke biyu ranar Uhudu, kuma Sa'adu bn Abi Waƙƙasi (R.A) ya taɓa kwana yana gadinsa a Madina. Kakanninmu ma na Gobir da Katsina, da suka kafa Tsibiri da Maraɗi, da sulke da lifidi suka fita fagen fama. Saboda haka shugaban da ya tsare ransa bai yi laifi ba, domin tsaron ransa yana cikin tsaron zaman lafiyar jama'a.

Amma ku sani, sulke ba ya ƙara wa mutum ko da numfashi ɗaya a kan ajalinsa. Aya ta 78 cikin Suratun Nisa'i ta yanke wannan magana, inda ta nuna cewa babu ginin da ya kai tsawo da ƙarfin da zai tsare mutuwa. Tarihin zamaninmu kuwa ya cika da shaida.

Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammed, shugaban Nijeriya, yana cikin baƙar Marsandi marar sulke, babu jerin gwanon sojoji, aka buɗe masa wuta cikin cunkoson motoci a Legas. Aka kai gawarsa Kano aka binne, motar kuma aka ajiye ta a gidan tarihi na Legas da hudojin harsashi a jikinta. Mai raunin fahimta zai ce: da motar tana da sulke da ya tsira. To, sai mu ce masa ya dubi Janar De Gaulle na Faransa. Ranar 22 ga Agusta, 1962, an yi wa motarsa ruwan harsashi a kusa da birnin Paris, ita ma ba ta da sulke, har aka fasa tayoyinta, amma ya fita lafiya shi da matarsa, domin kwanansa bai ƙare ba. Sa'an nan ya dubi Rafiƙ Hariri, tsohon firaministan Labanan, wanda yake cikin ayarin motoci masu sulke ranar 14 ga Fabrairu, 2005, a Bairut, bam ya tashi da shi.

A nan gida kuma, wane ne zai manta da ranar Juma'a 9 ga Afrilu, 1999? Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara ya isa filin jirgin sama na Yamai lafiya. Yana shirin hawa jirgi aka harbe shi, kuma harbin ya fito ne daga cikin rundunar da aka ɗora wa amanar tsaronsa. Allah Ya jiƙan Musulmin da suka riga mu. Sulken mota yana tsare abin da ya taso daga waje ne kurum. Ba ya bin mai shi idan ya sauka, kuma ba ya leƙa zukatan waɗanda ke kewaye da shi.

Ya ku bayin Allah, abin tsoro game da wannan mota ba kaurin ƙarfenta ba ne. Abin tsoro shi ne gilashin da ke tsare harsashi ya koma yana tsare kukan talaka. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa wani sahabi ya tunatar da Mu'awiya (R.A) gargaɗin Annabi (S.A.W) ga duk shugaban da ya sa shamaki tsakaninsa da buƙatun mutane, cewa Allah zai sa shamaki tsakaninSa da buƙatarsa ranar Alƙiyama. Nan take Mu'awiya ya naɗa mutum na musamman don karɓar koke-koken jama'a. Haka nan da Annabi (S.A.W) zai aiki Mu'azu bn Jabal (R.A) zuwa Yaman, ya tsoratar da shi addu'ar wanda aka zalunta, domin ba ta da shamaki tsakaninta da Allah. Wane maƙeri ne zai ƙera ƙarfen da zai tare wannan kibiya?

Mu a Cadakori mun san abin da ake nufi da rashin garkuwa. Tun shekarar 2019 'yan'uwanmu daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka yi ta ƙetarowa cikin jihar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga, har aka tsugunar da wasunsu a nan wajenmu. Ƙauyukan bakin iyaka na Gidan Rumji da Madarumfa sun ɗanɗana satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa. Manomin da ke tsakiyar gonarsa ba shi da gilashi mai kauri, sulkensa bayan Allah shi ne adalcin masu mulki. Jininsa da na shugaba darajarsu ɗaya ce a shari'a. Muna kira ga duk wanda Allah Ya ɗora wa jagoranci, cikin ladabi da nasiha, ya tuna cewa da dukiyar wannan manomi aka sayi motar da yake ciki.

Kada wani ya zaci adalci yana jinkirta ajali. Sayyidina Umaru (R.A), wanda ake buga misali da adalcinsa, an soke shi yana limancin sallar Asuba a shekara ta 23 bayan Hijira. Sayyidina Aliyu (R.A) an sare shi a masallacin Kufa cikin Ramadan na shekara ta 40. Adalci bai hana su mutuwa ba, amma shi ne guzurin da suka tarar, domin shugaba mai adalci shi aka fara ambata cikin mutum bakwai da Allah zai sa a inuwarSa. Sulken mota iyakarsa bakin kabari, sulken adalci kuwa da mai shi ake shiga.

Daga ƙarshe, mu juyo ga kawunanmu. Da yawa cikinmu ba mu da mota, amma mun ɗaura guru da laya, mun sha maganin ƙarfe da na bindiga wajen boka, muna zaton su ne sulkenmu. Wannan ya fi haɗari, domin ƙarfen mota sababi ne da hankali da shari'a suka yarda da shi, amma dogaro ga tsafin boka ƙofar shirka ce. Kuma kowane maigida, da mai unguwa, da hakimi, makiyayi ne da za a tambaye shi kiwonsa. Wanda ya rufe ƙofarsa ga kukan iyalinsa, ko na marayan da ke hannunsa, ko na ɗan gudun hijirar da ke maƙwabtaka da shi, shi ma ya ɗaga gilashinsa.

Ya Allah Ka shiryi shugabanninmu, Ka haɗa su da mashawarta na gari, Ka sa tausayin talakawa a zukatansu. Ya Allah Ka zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, Ka mayar da 'yan gudun hijira gidajensu cikin aminci, Ka sa mu cika da imani. Amin.