Kuɗin Batir da Kuɗin Hannu

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mai gyaran agogo, a Kasuwar Sabon Gari ta Kano ko a bakin wata tashar mota, ya san yadda cinikin yake tafiya. Agogo ya tsaya, an miƙa. Mai gyara ya maƙala ɗan madubinsa a ido, ya ɓamɓare murfin baya, ya cire wani ɗan abu da bai kai ƙwayar wake ba, ya sa wani, ya mayar da murfi. Kafin minti uku agogo ya tashi. Da ya faɗi kuɗi sai mai agogo ya ce, "Haba malam, don wannan ɗan abin?" In kuma an rage masa sarƙar agogon don ta zauna daidai a hannu, sau da yawa ba ya ma tsammanin zai biya. A wurinsa wannan gyara ne irin wanda mai tumatir ke ɗorawa bayan an gama ciniki.

To, me ake saye a wannan tebur? Batir ne, ko hannun da ya sa shi?

Tun da kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai aiki da batir a ƙarshen 1969, irin waɗanda ake rubuta wa Quartz a fuska, aikin yawancin masu gyara ya koma canjin batir. A cikin irin wannan agogo akwai wani ɗan mitsitsin dutse da batir ke sa shi karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa guda, da wannan lissafi ne allura ke motsawa. Saboda haka lafiyar agogon tana rataye da ingancin batirinsa. A nan ne kuma mai agogo yake makaho. Ɗauki batir mai lamba SR626SW da mai lamba LR626. Girmansu ɗaya, sheƙinsu ɗaya, ramin da ɗaya ya shiga ɗayan ma zai shiga. Na farko yana da azurfa a cikinsa, ƙarfinsa ba ya raguwa sai dab da mutuwarsa, yana iya kai shekara biyu ko fiye. Na biyu ya fi araha nesa ba kusa ba, amma ya fi saurin mutuwa, kuma ya fi saurin yoyo. In ya yi yoyo, ruwansa na iya cinye injin agogon. Ranar da aka sa su, dukansu biyu za su tayar da agogo. Bambancin sai bayan watanni, lokacin da mai agogo ya yi nisa.

Haka sauran aikin yake. Ƙarƙashin murfi akwai wani siririn zoben roba da ke hana ruwa da gumi shiga. Mai gyara na ƙwarai yana duba shi, ya mayar da shi mazauninsa. Mai gaggawa yana iya murɗe shi ko ya yar, ba a sani ba sai ranar da tururi ya kwanta cikin gilashi bayan alwala. Rage sarƙa ma akwai saninsa: ƙusoshin da ke riƙe gaɓoɓinta ta gefe guda suke fita, wanda 'yar kibiyar da ke cikin sarƙar ta nuna, kuma ana cire gaɓoɓin daga ɓangarori biyu don maɓalli ya zauna a tsakiyar hannu. Minti ukun da muke rainawa, shekarun koyo ne suka gajarta su.

Ga inda nake ganin laifin ya zama na tarayya. Mun saba biyan abin da za mu iya riƙewa a hannu, muna ƙyashin biyan sani. Da mai gyara ya ga in ya ce "kuɗin aiki" za a yi masa dariya, sai ya ɓoye ladansa cikin kuɗin batir. Da aka matsa masa da neman ragi, sai wani ya nemo ladan ta wata hanya: ya karɓi kuɗin mai azurfa, ya sa marar azurfa. Wannan algus ne, ba shi da wani suna, kuma matsin mai saye ba ya wanke shi. Amma wanda ya tsaya kai da fata sai an yi masa aiki kyauta, shi ma ya taimaka wajen haƙa ramin. Surar Muɗaffifin ta yi kashedi ga masu cika mudu in za su karɓa, su tauye in za su bayar. Mun fi tuna wannan kashedi in muna maganar 'yan kasuwa. Wanda ya karɓi cikakken aiki ya biya rabin lada, shi wane mudu ya yi awo da shi?

Wani zai ce, talakan da agogonsa gaba ɗaya bai kai kuɗin batir mai kyau ba fa? Gaskiya ne, kuma batir mai araha ba haramun ba ne. Abin da ya ɓata shi shi ne ɓoyewa. In mai gyara ya ajiye guda biyu ya ce, "Wannan zai daɗe, wannan ba zai daɗe ba, ga kuɗin kowanne," ya fita haƙƙi, mai agogo ya zaɓa daidai aljihunsa. Wani kuma zai ce, me ya sa batir iri ɗaya, amma a ƙara wa mai agogo mai tsada kuɗi? In ƙarin saboda haɗarin aikin ne, don wanda ya karce agogo mai tsada shi zai biya, akwai hujja, muddin an faɗa tun farko. In kuwa babbar rigar mutum aka kalla aka yanka masa farashi, wannan cin amanar rashin saninsa ne.

Maganin bai fi ƙarfinmu ba. A raba kuɗin gida biyu a fili: ga na batir, ga na hannu. Mai gyara ya ɓare sabon batir a gaban mai shi, ya nuna masa lambar, ya miƙa masa tsohon, ya kuma mayar masa da gaɓoɓin sarƙar da ya cire, domin dukiyarsa ce, kuma hannu yana iya ƙara ƙiba. Mai agogo kuma ya biya kuɗin hannun ba tare da ɓata fuska ba. Yawancin abin da muke biya a rayuwa haka yake, daga maganin da aka ƙulla mana a kyamis zuwa man da bakanike ya zuba a inji: ba mu gani ba, mun dai yarda. Wanda ya saba cin wannan yarda a kan batirin agogo, ranar da aka danƙa masa abin da ya fi batir ba sabon hali zai nemo ba.