INFAƘI: KUƊIN DA YA FITA, INA ZAI ƁULLA?



Ya ku samari, idan Bahaushe ya yi sayayya sai ya ce ya "kashe" kuɗi. Me ya kawo kisa cikin maganar ciniki? To, Balarabe ma bai yi nisa da mu ba. Kalmar infaƙi, wadda malamanmu ke fassarawa da "ciyarwa", asalinta harafi uku ne: nun, fa, ƙaf. Idan dabba ta mutu, Balarabe yakan ce nafaƙat. Idan guzuri ya ƙare, haka. Watau abu ya bar hannunka ke nan.

Amma akwai ma'ana ta biyu, ita nake so ku riƙe. Nafaƙ shi ne ramin da ke da mafita ta wani gefen. Kalmar ta zo a Suratul An'am, aya ta 35. Daga wannan tushe munafuki ya sami sunansa, domin shi kamar ɓeran jeji ne, ya shiga addini ta wannan ƙofa, ya fice ta waccan. To kuɗinka ma haka yake: ba mutuwa yake yi ba, rami yake shiga, ya ɓulla gabanka ranar Alƙiyama. A Baƙara, aya ta 261, an misalta mai ciyarwa saboda Allah da mai shuka ƙwaya ɗaya ta ba da ɗari bakwai. A Anfal, aya ta 36, da kalmar nan dai aka ambaci masu ɓarnar dukiya don toshe hanyar Allah, tasu kuwa nadama za ta zama. Kalma guda, mafita biyu!

Jama'a, mu a Dogon Dawa wa zai koya mana fitar kuɗi? Mun sayar da gonaki da shanu mun kai kuɗin fansa daji, muna kuka. Wannan dole ce, Allah Ya mayar da alheri. Amma wanda babu bindiga a kansa fa? Kaka ta yi, ka loda masararka zuwa Funtuwa, ka dawo aljihu cike. Kafin sati biyu ta tafi a liƙi wajen biki, da ƙwaya, da cacar ƙwallo a waya. Ushirin ma ba ka fitar ba. Alhali nafaƙar mahaifiyarka, daga wannan tushen dai, wajibi ce a kanka idan ba ta da shi. Ga kuma marayun maƙwabcinka da aka harbe a gona, katanga ɗaya ce tsakaninku, ba su ga ko tiya guda daga buhunanka ba.